Sai Ta Sauka

Mutanen layin ba sa bukatar agogo da safe, tarin Kaka ya ishe su. Kaka dai mota ce, tsohuwar da Malam Birki ke koyar da tuƙi da ita. Sai ta yi tari, ta yi atishawa, ta yi tsit kamar ta fasa, sannan ta kama da karkarwa har gilasanta na rawa. Shi kuwa mai ita ɗalibansa ne suka laƙaba masa sunan, domin daga farkon darasi har ƙarshensa abin da ke bakinsa ke nan: birki, birki, a hankali.

Matarsa Auta tana tsaye a ƙofar kicin da kofin shayi a hannu, tana kallonsa yana lallashin motar.

"Malam, ka gaishe ta da kyau mana. Wataƙila fushi take yi ba ka tambaye ta ya ta kwana ba."

"Ke dai yi mata addu'a," ya ce yana goge hannu da tsumma. "Ta kusa yin ritaya."

"Tun ina amarya nake jin ta kusa."

Gaskiyarta kuwa. Tun farkon aurensu ya yi mata alkawarin sabuwar mota, sabuwa dal, wadda ita da hannunta za ta yage ledar kujerunta. Shekara da shekaru yana tarawa, ya hana kansa sabuwar riga, ya hana kansa canza waya, har abin ya kusa kaiwa. Auta ta san haka, danginta ma sun sani, don Auta ba ta iya riƙe labari mai daɗi.

Labari ɗaya ne ta riƙe. Sau biyu tana samun ciki yana zubewa. Na biyun ya yi nisa, har sun sayi gadon jariri da 'yan ƙananan riguna, ita da kanta ta ninke su ta bayar tana kuka. Yanzu ga na uku ya samu. Ranar da suka je asibiti, likita ta zaunar da su ta ce wannan karon sai an kula sosai, mai yiwuwa a yi tiyata, jaririn ma yana iya zuwa da wuri ya bukaci kwalbar da ake sa bakwaini. Ta ce su shirya.

A hanyar komawa gida Auta ta riƙe hannunsa a kan giya.

"Ka yi mini alkawari, Malam. Ba za ka yi mini maganarsa ba. Ba shiri, ba saye-saye, ba in an yi kaza za a yi kaza. Duk lokacin da muka yi shiri ka san abin da ke faruwa. Ko Umma kada ka gaya wa. Ina jin tsoro."

"Na yi miki alkawari."

Ya cika alkawarin a bakinsa. Amma tun daga ranar, a zuciyarsa, kuɗin motar suka canza suna. Ya ƙudura ba zai taɓa ko kwabo ba sai Auta ta haihu lafiya, ita da abin da ke cikinta sun fito daga asibiti. Bai gaya wa kowa ba, ita kuwa da za a gaya wa ta riga ta toshe ƙofar.

Ana cikin haka suka kai wa Umma ziyara, mahaifiyar Auta. Suka tarar da babban wan Auta a falo ya baje waya biyu a kan tebur. Dillalin motoci ne, yana da fili a bakin babban titi, kuma kowa Yaya yake ce masa, har Umma da ta haife shi. Mutum ne mai magana da ƙarfi da dariya da ƙarfi, amma ba ya wasa da ƙanwarsa.

Ko gaisuwa ba a gama ba ya juyo.

"Malam Birki, kai nake nema. Ka ji labarai? Gwamnati za ta ƙara harajin shigo da motoci daga farkon wata mai zuwa. Duk motar da ta riga ta fito daga hannun kwastan ta tsira. Wadda ke kan ruwa kuwa, sai dai a ba mai ita haƙuri. Ina da guda a fili, fara, ƙarama, ba ta shan mai, kamar don aikinka aka ƙera ta. A tsohon haraji ta shigo, a tsohon farashi zan ba ka. Ko ribata ban sa ba, saboda Auta."

Idon Auta ya yi haske. Umma ta ajiye carbinta ta ce, "Kai, Allah ya yi maka albarka."

"Na gode, Yaya," in ji Malam.

"Ajiye godiyar tukuna. Gobe ka zo ka karɓi makulli."

Malam ya sunkuyar da kai yana kallon kafet. Ya san Yaya alheri yake nufi, ya kuma san motar, ya sha rage gudu in ya zo wucewa ta gaban filin don ya kalle ta. Amma da wane baki zai faɗa a gaban surukarsa cewa 'yarta na da juna biyu? Ko da kunya ta bar shi, alkawari ba zai bar shi ba. Ya nemi magana wadda ba ƙarya ba ce, kuma ba tonon asiri ba, sai guda ɗaya ta zo masa.

"Yaya, a ɗan dakata. Sai ta sauka."

Sai Yaya ya bushe da dariya har da buga cinya.

"Ta sauka? Kasuwar mota? Malam, tun ina wanke wa maigidana motoci nake cikin wannan harka, ban taɓa ganin farashin da ya hau ya waiwayo ba. In haraji ya hau, sabuwa za ta hau, ta hannu za ta bi bayanta, har taya da batir za su ce su ma 'yan gidan ne. Yanzu ne lokacin saye. Wata mai zuwa lokacin cizon yatsa ne."

Nan take Malam ya gane yadda aka ɗauki maganarsa. Shi matarsa yake nufi, su kasuwa suka ji. Ya buɗe baki, ya dubi Umma, ya dubi Auta, ya rufe. Kuskuren nasu ya zame masa mafaka, sai ya bar su a kai.

"Sai ta sauka dai, Yaya," ya maimaita a hankali.

Abin takaicin, Auta ma yadda suka ji haka ta ji. Ta san mijinta da bin labarin farashi a rediyo, ta kuma kulle maganar cikin a wani lungu na zuciyarta da ba ta leƙawa. A mota ta juyo ta dube shi.

"Malam, wace kasuwa kake jira?"

"Ki yi haƙuri, Auta."

"Haƙurin na san shi. Dalilin nake tambaya."

Ya yi kamar yana duba madubi. Kaka ta yi tari, ta amsa masa.

Wata ya kama, haraji ya hau, kuma duk abin da Yaya ya faɗa sai da ya tabbata. Sababbin motoci suka yi tsalle. Masu tsoffi suka ga haka su ma suka ɗaga kai. Wasu dillalan har motocin da suka shigo tun kafin ƙarin suka sa wa sabon farashi, in ka yi magana su ce da me za su sayo wata. Farar motar nan ba ta yi kwana da yawa ba aka saye ta, kuma ba kowa ya saya ba sai sabuwar makarantar tuƙi da ke tsallaken titi daga inda Malam yake tsayawa.

Ɗalibai suka fara zamewa. Wata budurwa da ya kusa gama koya mata fakin ta zo tana murɗa yatsu.

"Malam, sori fa, wallahi ba don komai ba. Can motarsu otomatik ce, ga esi mai sanyi. Ni kuloci ne ke ba ni tenshan."

"Ba komai," ya ce. "Ki dai riƙa tuna birki."

A gidan Umma kuwa maganarsa ta zama abin wasa. In aka tambayi wani yaushe zai gyara famfo, sai ya ce sai ta sauka, a kwashe da dariya. Matar Yaya har ta daina ce masa Malam Birki a bayan idonsa, ta koma Malam Sai-ta-sauka. Auta tana ji, tana yaƙe, tana cewa mijinta ya san abin da yake yi. In ta koma gida sai ta shige banɗaki ta daɗe. Yana jin ruwa na zuba, ya san ba wanka take yi ba.

Ciki kuwa ba ya ɓoyuwa har abada. Ya fito, Umma ta gani, sai sallarta ta ƙara tsawo kuma ta ce daga yau ita za ta riƙa raka Auta awo. Tsoron da ke cin Auta shi ke cin uwarta, kowacce tana ɓoye wa 'yar'uwarta.

Ranar da abin ya ɓaci, suna dawowa daga awo ne da rana tsaka, Umma da Auta a baya. A tsakiyar cunkoso Kaka ta yi tari ɗaya ta mutu. Malam ya murɗa makulli, ya sake murɗawa, shiru. Na baya suka dame su da ham, wani direban babbar mota ya leƙo ya ce a kai ta gidan tarihi. Zafi ya cika motar. Auta ta fara haki, zufa na tsiyaya daga goshinta, dole aka fito da ita aka zaunar a bencin wani mai shago. Malam ya tura motar gefe shi kaɗai, ya dawo rigarsa sharkaf.

Umma ba mai ɗaga murya ba ce, ranar ma ba ta ɗaga ba, shi ya sa maganar ta fi zafi.

"Malam, na ɗauke ka ɗa. Amma dubi yarinyar nan. Dubi halin da take ciki. An kawo maka mota har gida, a farashin da ba wanda zai ƙara gani, ka ce kana jira. Kuɗin nan kana ajiye da su, ko ba ka ajiye da su?"

"Suna nan, Umma."

"To ashe sun fi ta a wurinka. Ba za ta ƙara shiga wannan akwalar ba. Za ta zauna a wurina."

Ta tsayar da tasi. Auta ta dube shi tana jira ya ce wani abu, ko da kalma ɗaya ce da za ta riƙe. Ya buɗe mata ƙofar tasin ya ce ta shiga a hankali.

Gidan ya yi masa faɗi. Kullum in ya tashi daga aiki sai ya biya gidan Umma da lemo da madara a leda, a amsa gaisuwarsa a taƙaice, a nuna masa ɗakin da Auta ta girma a ciki. Wata ranar ya same ta zaune a bakin gado, ƙafafunta sun kumbura, idanunta ma haka.

"Zauna, Malam. Yau sai ka gaya mini."

Ya zauna.

"Yaya ya ce kuɗin da ke ajiye narkewa suke yi kullum. Ya ce abin da zai sayi sabuwa a da, yau ko ta hannu mai kyau da ƙyar. Ɗalibanka sun gudu. Kowa dariya yake yi mana. Ni ba motar ce ta dame ni ba, wallahi ba ita ba ce. Ina kare ka har bakina ya gaji, amma ban san me nake karewa ba. Umma ta ce kuɗin sun fi ni a wurinka. Na ce mata ba haka ba ne. Da na kwanta sai na ji ina tambayar kaina, to in ba haka ba ne, yaya ne?"

Hawaye suka zubo mata. Maganar ta zo masa har leɓe. Kalma kaɗan ce, ya faɗa ya huta, ta daina yi masa wannan kallon. Sai ya ga hannunta a kan cikin, ya tuna ranar da ta ninke ƙananan rigunan nan. In ya ce mata kuɗin tiyata ne da na kwalba, ya san daga yau ba za ta ƙara barci ba, kuma likita ta ce abin da ya fi komai shi ne hankalinta ya kwanta. Ya zaɓi ta yi fushi da shi a kan ta kwana da tsoro.

"Alkawari biyu na yi miki, Auta. Dole ɗaya ya jira ɗaya."

"Ban gane ba."

"Za ki gane, in Allah ya so."

Ta juya fuskarta bango. Ya daɗe zaune yana kallon bayanta, sannan ya ajiye ledar a kan tebur ya fita. A cikin Kaka ya kifa kai a kan sitiyari, ranar ita ce ta jira shi kafin su tashi.

Shi kansa Yaya ba a kan gadon daɗi yake ba, ko da yake ba ya faɗa. Da ya ji ƙarin haraji na tafe, duk abin da ya mallaka ya zuba ya cika filinsa da motoci, da lissafin in farashi ya hau zai kwashi riba. Farashi ya hau kuwa, sai dai masu saye suka ɗauke ƙafa. Mutum zai zo ya zagaya mota, ya shafa ta, ya ji kuɗin, ya ce bari ya ɗan jira ya gani. Gari gaba ɗaya ya koma 'yan sai-ta-sauka. Motoci na sheƙi a fili, ana wanke su kullum, aljihun mai su kuwa iska ce ke kaiwa da komowa a ciki.

Wata la'asar, da sauran lokaci sosai kafin watan haihuwa, ciwo ya kama Auta, jini ya ɓalle. Umma ta kira Yaya tana salati, ya zo a guje ya kwashe su zuwa asibiti. Likita ta duba ta, ta fito da sauri ta ce tiyata za a yi yanzu-yanzu, za a bukaci jini, jaririn kuma kwalba zai shiga. Aka tura Auta ciki, aka ce wa dangi su je su biya abin da ake bukata.

Yaya ya je tagar biya, ya ji adadin, ya dawo gefe da wayoyinsa biyu. Ya kira wannan, ya kira wancan. "Ina da mota, kowacce kake so, ka ɗauka a yadda ka ga dama, yau nake bukata." Wani ya ce yana tafiya, wani ya ce sai ƙarshen wata, wani ya ce ai kasuwar ba ta saye ba ce yanzu. Mota ba a sayar da ita a tsakanin la'asar da magariba. Mutumin da ke cika falo da murya ya tsaya a barandar asibiti yana share gumi, bai san inda zai sa kansa ba. Umma ta kai hannu ta fara kwance 'yan kunnenta.

Sai ga Malam, da ƙurar titi a ƙafarsa. Matar Yaya ce ta kira shi yana tsakiyar darasi, ya sauke ɗalibin a bakin hanya ya ba shi haƙuri. Ya durƙusa ya gaida Umma, ya tambayi inda Auta take, sannan ya wuce tagar biya. Bai daɗe ba ya dawo.

"Umma, mayar da 'yan kunnenki. An biya."

Yaya ya dube shi. "Duka?"

"Duka. Har na kwalba."

"Da me?"

"Da abin da aka ajiye domin haka."

Ba wanda ya bi maganar, don hankalin kowa na kan ƙofar da aka shiga da Auta. Umma na jan carbi, Yaya na zirga-zirga, Malam ya jingina da bango leɓensa na motsi. Wanda ke koya wa mutane natsuwa a kan titi, yau ya kasa ɗauke idonsa daga ƙofar.

Da ƙofar ta buɗe, wata nas ce ta fito tana cire safar hannu.

"Ina mijinta? Ta sauka lafiya. Mace aka samu. Ƙarama ce, an sa ta a kwalba, amma kukanta da ƙarfi. Uwar ma lafiya, tana barci."

Malam ya sulale a jikin bangon har ƙasa, ya rufe fuska da tafukansa.

"Ta sauka," ya ce. "Alhamdu lillahi. Ta sauka."

Umma ta ɗaga hannu za ta yi godiya ga Allah, sai hannun ya tsaya a sama. Ta juyo a hankali.

"Malam, me ka ce?"

Yaya ma ya tsaya cak. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya zo ya tsuguna a gaban mijin ƙanwarsa.

"Kana nufin tun ranar nan a falo, da ka ce sai ta—"

"Yaya, da wane baki zan faɗa a gaban Umma? Ita kuma ta sa na yi mata alkawari ba zan yi maganar ba, ko da ita. Likita ta ce mu shirya. Motar za a sake yin wata. Auta guda ɗaya ce."

Umma ta zauna a benci, ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ni na ce kuɗi sun fi ta a wurinka," take faɗa cikin kuka. "A bakin titi na faɗa, a gaban mutane. Ka yafe mini, ɗana."

"Haba Umma. Tsoro ne ya sa ki, ni ma shi ya sa ni."

Yaya ya kama hannun Malam da hannayensa biyu ya riƙe, ya daɗe bai saki ba.

Washegari da hantsi Auta ta farfaɗo sosai. Umma ce ta ba ta labarin, tana yi tana share ido, sannan ta fita ta turo Malam. Ya shigo ya tsaya a bakin gado kamar baƙo.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Ke kika ce kada in yi."

"Kuma kullum kana faɗa a gabana."

"Ban yi miki ƙarya ba, ban kuma karya alkawari ba. Hanya ɗaya ce ta rage, siririya, na bi ta a giya ɗaya."

Ta fara dariya, ɗinkin ya kama ta, dariyar ta koma kuka. Ta miƙo hannu ya riƙe.

"Na juya maka baya, Malam. Na yi zarginka a zuciyata. Ni na ɗaure maka baki, na dawo ina fushi ba ka magana."

"Ya wuce. Kin ga 'yar? Hancinki ta ɗauko, Allah ya taimake ta bai zama nawa ba."

"Kasuwar fa?" ta ce tana murmushi cikin hawaye.

"Ba ta sauka ba. Yaya ya yi gaskiya. Sabuwar mota ta ƙara yi mana nisa, sai mun sake tarawa daga farko."

"To mu tara."

Jaririyar ta yi kwanakinta a kwalba har ta yi ƙwari, aka sallame su. Ranar tafiya gida Yaya ya iso da mota sabuwa fil daga filinsa, kujerunta duk a leda, ya faka a bakin ƙofar asibitin. Can gefe Kaka na tsaye, an wanke ta, bakanike ya yi mata abin da zai iya.

"Auta, shigo in kai ku," in ji Yaya. "Ki yage ledar ma in kina so. Na san an daɗe ana yi miki alkawari. Asarar a kaina."

Auta ta matsa ta shafa ledar da yatsunta, ta ji santsinta, ta yi murmushi.

"Na gode, Yaya. Ka bar wa mai rabo. Mu motarmu na jira."

Ta nufi Kaka da 'yarta a ƙirji. Malam ya yi sauri ya buɗe mata ƙofar baya, wadda sai an ɗaga ta kaɗan take buɗuwa. Kafin ya rufe, sai ga Umma ta tattara mayafinta.

"Matsa mini. Ni ma da akwalar zan tafi."

Malam ya murɗa makulli. Kaka ta yi tari, ta yi atishawa, ta yi tsit. Ya sake murɗawa, ta ƙi. Yaya ya dubi sama, ya miƙa wa matarsa wayoyinsa biyu, ya naɗe hannun riga, ya zagaya baya.

"Sa ta a giya biyu, Malam. In na ce saki, ka saki."

Babban dillalin motoci ya dafa bayan tsohuwar ya tura, masu gadi na dariya, har ta kama da karkarwarta. Ya tsaya yana haki yana ɗaga musu hannu, sannan ya koma sabuwar ya biyo su a baya sannu a hankali.

A cikin motar Umma ta gyara wa jikarta hula ta ce, "Na koyi abu da tsufana. In ka ga mutum yana jira, ka tambaye shi me yake jira kafin ka yi masa dariya."

Haka ne kuwa. Ɗan kasuwa ya san lokacin saye, kuma sau da yawa gaskiya yake faɗa. Amma gida ma yana da nasa lokacin, wanda ba a jin sa a labarai, kuma mai ƙaunarka na gaske yana iya barin riba ta wuce shi, ya haɗiye dariyar mutane, don kawai ranar da za ka bukace shi ka same shi a shirye. Mata da miji kuma kada tsoro ya sa su rufe wa juna baki, don shirun da aka yi saboda ƙauna ma yana sa kuka.

Da suka shigo layinsu maƙwabta suka fito, sun ji tarin tun daga kwanar layin. Auta ta leƙa fuskar 'yarta, ta dubi mijinta ta madubi.

"Malam, ai duka biyun ka cika. Ga ta nan, sabuwa dal."

Tun daga ranar, duk da sunan da aka raɗa mata, ba wanda ke kiran yarinyar da komai a gidan Umma sai Sabuwa.